Finominoloji da Binciken Abin da Mutum Ya Ɗanɗana: Tambayoyin da Ɗalibai Ke Yawan Yi

Duk shekara idan lokacin rubuta kundi ya kama, ɗaliban digiri na biyu da na uku, musamman na fannin jinya, ilimi da nazarin zamantakewa, sukan shigo da babi na uku a hannu, an rubuta a ciki cewa tsarin finominoloji za a bi. In na tambayi dalili, amsar ba ta wuce "ai Malam hira zan yi da mutum goma." Tambayoyin da ke ƙasa su ne na yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya har bakina ya gaji, shi ne na tara su wuri guda.

Mece ce finominoloji, a taƙaice?

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta nazarin abin da ya bayyana. Reshe ce ta falsafa da ke tambayar yadda abu ke bayyana ga wanda abin ya sama, tun kafin a kawo masa bayani daga waje. Likita zai gaya maka abin da ke haddasa zazzaɓi. Mai ƙididdiga zai gaya maka mutum nawa ya kwantar a bana. Finominoloji kuwa tambayarta daban ce: yaya dare yake ga mai zazzaɓi? Me ya sa ɗakin da ya saba da shi ke yi masa faɗi, ruwa ya yi masa ɗaci, awa guda ta zama kamar kwana?

Wannan ita ce tambayar da masu binciken hira suka aro. Sai dai aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara idan mai aron bai san daga ina aka ɗauko shi ba.

Wa ya kafa ta, kuma me ya dame shi?

Edmund Husserl, wanda aka haifa a 1859 a wani gari na Morabiya, yankin da a yau ke cikin ƙasar Cek. Asalinsa masanin lissafi ne, a wannan fanni ya yi digirin dakta a Biyana a 1883, kafin laccocin Franz Brentano su janye shi zuwa falsafa. Ya koyar a Halle, da Göttingen, sannan Freiburg daga 1916 har ya yi ritaya a 1928.

Abu biyu suka hana shi barci. Na farko, a zamaninsa wasu masana na cewa dokokin manɗiƙi da lissafi ba komai ba ne illa ɗabi'ar ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Husserl ya ce a'a, biyu da biyu huɗu ne ko da babu mai ƙirgawa, kuma da wannan martani ya buɗe babban aikinsa na 1900 zuwa 1901. A cikin aikin ne ya yi kiran da ya zama taken tafiyar: a koma ga abubuwan da kansu. Na biyu ya fito fili a ƙarshen rayuwarsa, a rubutunsa na 1936 kan rikicin da ilimin kimiyyar Turai ya shiga. A ganinsa, tun daga Galileo aka ɗinka wa duniya rigar lissafi, har aka manta cewa riga ce, aka ɗauka ita ce jikin. Ma'aunin zafi ya nuna 39, sai aka ce wannan ne gaskiya, abin da uwa ta ji da ta ɗora tafin hannunta a goshin ɗanta kuwa "ji ne kawai". Husserl bai ƙi ma'aunin ba. Cewa ya yi ma'aunin kansa daga wancan tafin hannu ya samo ma'anarsa. Wannan duniyar da muke ciki kafin awo da ƙididdiga ita ya kira duniyar rayuwa.

Ya rasu a Afrilun 1938, bayan gwamnatin Nazi ta mayar da shi saniyar ware saboda asalinsa na Bayahude. A shekarar ne wani matashin limamin Katolika ɗan Beljiyam, Herman Van Breda, ya fitar da rubuce-rubucensa kusan shafi 40,000 daga Jamus ta jakar diflomasiyya zuwa Leuven ta Beljiyam, inda suke har yau. Ba don shi ba, da rabin abin da muke karantawa ya salwanta.

Mene ne bambancin "abin da aka ɗanɗana" da ra'ayi?

A nan yawancin kundaye ke karyewa, don haka bari in daɗe.

Jamusanci na da kalma biyu. Erfahrung ita ce gogewa, abin da mutum ya tara ya zama masa darasi. Erlebnis kuwa shi ne abin a lokacin da ake cikinsa, kafin mutum ya koma gefe ya ba shi suna. Wilhelm Dilthey ya ba kalma ta biyun muhimmanci, Faransawa suka fassara ta, daga nan ta shiga bakin masu bincike. Ita muke nema.

Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini hirar gwaji da ta yi da wata uwa mai ɗa mai ciwon sikila. Tambayarta ta farko: "Mene ne ra'ayinki game da kulawar da ake ba masu sikila?" Uwar ta ce gwamnati ta taimaka, magani ya yi tsada, a riƙa gwaji kafin aure. Duk gaskiya ne, amma kowa na iya faɗin haka a rediyo ko bai taɓa jinya ba. Na ce ta koma ta ce mata, "Baba, ba ni labarin daren ƙarshe da ciwon ya tashi masa, tun daga lokacin da kika fara ganewa." Abin da ta dawo da shi daban ne. Uwar ta ce tun kafin yaron ya yi kuka take sani, daga yadda yake juyi a kan tabarma. Ta ce da ta ji iskar hunturu ta fara kaɗawa gabanta ke faɗuwa, alhali maƙwabta murna suke zafi ya wuce. Ta ce ba ta taɓa kwana ba tare da mayafinta da kuɗin mota a ƙarƙashin matashi ba.

Dubi abin da ya fito. Ga wannan uwa, hunturu ba yanayi ba ne, barazana ce. Barcinta ba barci ba ne, gadi ne. Ba ta faɗi waɗannan a matsayin ra'ayi ba, kuma da an ba ta takardar tambayoyi mai "na yarda, ban yarda ba" babu gurbin da za su shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka tambaye shi daren da aka yi ruwan, ba ra'ayinsa kan rufin kwano ba.

Me ake nufi da cewa hankali kullum yana dosar wani abu?

Wannan shi ne ginshiƙin da Husserl ya gada daga littafin Brentano na 1874. Babu tsoro sai na wani abu, babu tunawa sai da abin tunawa, babu jira sai da abin da ake jira. Hankali ba tukunya ba ce da ake zuba hotuna a ciki, fuska ce da ke kallon waje. Kada a rikita wannan da niyya irin ta alwala ko azumi, duk da cewa kalmar da Turawa ke amfani da ita tana kama da hakan.

Akwai wani abu a tarihin kalmar da ke burge ni. Brentano daga malaman Turai na tsakiyar zamani ya ɗauko ta, su kuma sun yi amfani da kalmar Latin intentio wajen fassara ma'anā ta Larabci a littattafan Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Ibn Sina ya ba da misalin tunkiya da kyarkeci: ido na ganin launi da siffa, amma tunkiyar tana tsinkayar wani abu da ba launi ba ne ba siffa ba, wato gaba, sai ta gudu. Wannan abin da ta tsinkaya shi ya kira ma'anā. Ita ce dai kalmar da muke cewa ma'ana a Hausa.

Amfaninsa ga mai bincike shi ne, ba cikin ƙwaƙwalwar mutum kake leƙawa ba. Kana duba yadda duniya take a gabansa: yadda matakalar bene ta zama dutse ga mai ciwon zuciya, yadda ƙarar waya ta zama abin fargaba ga wanda aka sace ɗan'uwansa.

Shin "jingine hukunci" na nufin in manta da duk abin da na sani?

A'a. Husserl ya aro kalmar efoke, wato jingine hukunci, daga tsoffin masu shakka na Girka, ya kuma kwatanta ta da sanya abu cikin baka biyu, irin na lissafi. Abin da ke cikin baka bai ɓace ba, yana nan, an dai dakatar da aiki da shi. A wurinsa, kamar yadda ya shimfiɗa a 1913, abin da ake jinginewa babba ne: yardar da muke yi ba tare da tunani ba cewa duniya tana nan yadda muke ganinta. Ana jingine ta ne don a ga yadda wannan yarda ke ginuwa.

Masu bincike sun rage mata tsawo. A hannunsu ta zama: kada ka yi saurin fassara maganar mutum da abin da ka karanta. Idan mace ta ce iska ce ta taɓa ta, ma'aikacin jinya zai so ya rubuta sunan wata cutar ƙwaƙwalwa, malamin ruƙiyya zai so ya tabbatar mata. Mai finominoloji ba ya yin ko ɗaya a lokacin binciken. Yana tambaya yaya abin yake zuwa, me take ji a jikinta, yaya mutanen gida ke zama a idonta a wannan lokaci.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko wannan bai taɓa imaninsa ba. Bai taɓa ba. Alƙali ma yakan jingine abin da ya ji a gari har ya saurari shaidu, bai zama ya daina sanin gari ba.

To ina Heidegger ya rabu da malaminsa?

Martin Heidegger mataimakin Husserl ne a Freiburg, shi ya gaji kujerarsa a 1928. A littafinsa na 1927 kan kasancewa da lokaci ya ce mutum ba ɗan kallo ba ne da zai koma gefe ya dubi duniya. Tun farko a cikinta ya tsinci kansa, cikin harshe da al'ada da hidimomin da bai zaɓa ba. Misalinsa guduma ce: kafinta ba ya kallon gudumarsa, aiki yake da ita, sai ranar da ƙotar ta karye take zama abin dubawa. Haka lafiya take, ba a ganinta sai ta tafi.

Daga nan ya ce duk fahimta fassara ce, kuma babu mai fassara da hannu wofi. Ɗalibinsa Hans-Georg Gadamer ya faɗaɗa wannan a 1960: abin da ka riga ka zo da shi ba datti ba ne da za a wanke, shi ne ƙofar da kake shiga ta ciki, aikinka shi ne ka bar maganar ɗayan ta gyara shi. Kana karanta jimla da hasken hirar gaba ɗaya, kana karanta hirar da hasken jimlar, kana ta kewayawa.

Saboda haka gida ya rabu biyu. Masu bin Husserl suna siffantawa. Masu bin Heidegger da Gadamer suna fashin baƙi. Ɗalibin da ya rubuta a shafi ɗaya cewa ya jingine duk tunaninsa, a shafi na gaba ya ce Heidegger yake bi, ya ɗaura wa kansa igiya, kuma mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa zai ja ta.

Gaskiya ne Heidegger ɗan Nazi ne?

Gaskiya ne. Ya zama shugaban jami'ar Freiburg a Afrilun 1933, ya shiga jam'iyyar a watan Mayu, ya sauka daga shugabancin a 1934 amma bai fita daga jam'iyyar ba. Littattafan ajiyarsa da aka fara bugawa a 2014 na ɗauke da kalaman ƙin Yahudawa. Ana amfani da tunaninsa, ba a wanke shi.

Me ya kawo jiki cikin maganar?

Maurice Merleau-Ponty, Bafaranshe, wanda ya je Leuven tun 1939 ya karanta rubuce-rubucen Husserl da ba a buga ba. A littafinsa na 1945 ya nuna cewa jiki ba keken da rai ke hawa ba ne. Akwai jikin da likita ke aunawa, akwai jikin da nake shi. Sandar makaho, in ji shi, ta daina zama abin da makahon ke riƙe da shi, ta zama wurin da yake taɓa duniya. Wanda aka yanke wa ƙafa yakan yunƙura ya taka ta, domin duniyarsa har yanzu duniyar mai ƙafa biyu ce. Shi ne kuma ya ce babban darasin jingine hukunci shi ne gano cewa ba a iya kammala shi.

A nan mai hira da Hausa ya yi sa'a. Mu ba mu raba ji da jiki ba tun a harshe. Gabana ya faɗi, jikina ya mutu, hantata ta kaɗa, baƙin ciki, sanyin gwiwa. Kalmar "ji" kanta ta ɗauki sauti da ƙanshi da zafi da tsoro da fahimtar yare. Idan mai ba ka labari ta ce jikinta ya ba ta, kada ka wuce, tsaya ka tambayi ta ina ya ba ta.

Su waɗannan masana sun yi hira da mutane ne?

Ba su yi ba, kuma yana da kyau a faɗa. Husserl bai taɓa ɗaukar rikoda ya zauna da mahalarta ba. Falsafa suka yi, kan abin da ke bayyana ga kowane mai hankali. Wasu ne daga baya suka mayar da ita hanyar bincike.

Amedeo Giorgi, a jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh a Amurka, ya fara tun wajen 1970. Tsarinsa na bin Husserl sau da ƙafa: karanta bayanin gaba ɗaya, raba shi inda ma'ana ta sauya, sake faɗin kowane yanki da harshen fanninka, sannan fitar da ƙashin bayan abin, wato abin da in an cire shi lamarin ya tashi daga sunansa. Paul Colaizzi ya fitar da matakai bakwai a 1978, ma'aikatan jinya suka rungume su. Max van Manen, ɗan asalin Holan da ya koyar a Alberta ta Kanada, ya fitar da nasa a 1990, ya karkata ga fassara da kyawun rubutu, yana duba wuri, jiki, lokaci da dangantaka kamar yadda ake rayuwarsu. Jonathan Smith a Ingila ya gabatar da tsarin IPA, wato nazarin finominoloji ta hanyar fashin baƙi, a 1996, inda mai bincike ke ƙoƙarin fahimtar mutumin da shi ma ke ƙoƙarin fahimtar abin da ya same shi, mutum ɗaya bayan ɗaya.

Wanne zan zaɓa?

Tambayarka ce za ta zaɓa. In kana neman abin da ya haɗa duk masu zaman jiran wankin ƙoda, Giorgi. In kana son yadda wasu mutum huɗu, kowa da irin tasa, suka fahimci rasa aikinsu, Smith. In alƙalaminka na da ƙarfi kuma mai duba aikinka zai jure, van Manen. Abin da ba na karɓa shi ne gauraya. Misali, Colaizzi ya ce a koma wa mahalarta da sakamakon su duba, Giorgi ya ƙi wannan, yana cewa mutum ya san abin da ya same shi amma ba lallai ya san tsarinsa ba. Ba za ka yi duka biyun ka ce ka bi duka biyun ba.

Mutum nawa suka isa?

Giorgi ya ce aƙalla uku. Smith da abokan aikinsa sun ba ɗalibai shawarar uku zuwa shida. Donald Polkinghorne a 1989 ya ce biyar zuwa ashirin da biyar. Hira shida masu zurfi sun fi talatin na tsaitsaye.

Idan duk abin da na tambaya aka ce "sai godiya" fa?

Za a ce. Ka tambayi wanda ke kwance rai a hannun Allah ya jiki, zai ce da sauƙi. Littattafan da aka rubuta a Landan da Edmonton ta Kanada ba su shirya ka ga wannan ba, domin sun ɗauka mutum na jiran a tambaye shi ya zazzage cikinsa. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu kan haƙuri, kunya da kawaici. Uwa ba za ta ambaci sunan ɗan farinta ba, balle ta bayyana maka irin son da take masa.

Kuskure biyu ake yi. Wasu su rubuta "sai godiya" a matsayin sakamako, su ce mahalarta sun gamsu. Wasu su ɗauke ta a matsayin shinge da za a ture don a kai ga "gaskiyar" da ke baya. Ni ina ganin godiyar tana cikin abin da ake bincike. Wanda ke ɗauke da ciwo a matsayin jarrabawa daga Ubangiji, ciwon na bayyana masa ta wata fuska da ba irin ta wanda ke ganinsa tsautsayi kawai ba. Karɓi godiyar, ka amsa da "Allah Ya ƙara sauƙi", sannan ka nemi labarin rana takamaimai. Kada ka yi hirar a gaban suruka ko miji. Kada ka ji tsoron shiru. Sau da yawa sai an kashe rikoda an miƙe ake faɗin maganar, kuma in haka ta faru, nemi izini kafin ka rubuta ta.

Ba falsafar Turawa ce kawai ba?

A Turai aka haife ta, kuma Husserl kansa ya yi maganganu kan fifikon Turai da ba za su yi wa ɗan Afirka daɗi ba. Amma waɗanda aka mulka sun karɓe ta sun juya ta. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik wanda ya saurari laccocin Merleau-Ponty a Lyon, ya rubuta babi guda a 1952 kan abin da baƙar fata ke ɗanɗana, inda ya siffanta yadda wani yaro Bature ya nuna shi da yatsa a jirgin ƙasa, jikinsa ya tashi daga nasa ya zama abin kallo. Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin, wanda ya rasu a 2024, kan Husserl ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Faransa a 1970, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin falsafar Afirka.

Akwai masu sukar wannan hanya?

Sosai, kuma daga cikin gida. A 2017 van Manen ya rubuta a wata mujallar binciken lafiya cewa yawancin abin da ake kira finominoloji, har da tsarin Smith, ba ita ba ce. Smith ya mayar da martani. Sai Dan Zahavi, masanin Husserl a Kopanhagen, ya shigo ya ce dukansu biyu sun yi wa falsafar gurguwar fahimta, ya kuma ƙara da cewa mai binciken jinya ba ya buƙatar efoke irin ta Husserl, ya fi masa amfani ya ɗauki tunanin jiki, lokaci da duniyar rayuwa ya yi aiki da su. John Paley ya fi tsanani, yana tambayar ta wace hanya takamaimai ake ciro "ma'ana" daga rubutacciyar hira, in ba mai binciken ne ya sa ta da hannunsa ba.

Ina ganin Zahavi ya fi kusa da daidai, kuma tambayar Paley ta cancanci kowane ɗalibi ya amsa ta a babinsa na huɗu, ta hanyar nuna wa mai karatu maganar mahalarci da matakan da aka bi har aka kai ga jigon.

Na yi hirar da Hausa, kundin kuma da Ingilishi ne. Yaushe zan fassara?

A ƙarshe. Kwafe hirar da Hausa, yi nazarinta da Hausa, fitar da jigoginka da Hausa, sannan ka fassara abin da za ka kafa hujja da shi, ka ajiye asalin a gefensa. Na taɓa ganin kundin da aka fassara "na haƙura", "na dangana" da "na saduda" duk da kalma ɗaya ta Ingilishi, aka kuma gina jigo guda a kanta. Mata uku ne suka faɗi kalmomin. Ta farko tana nan a gidan mijin tana jira, ta biyu ta miƙa wa Allah lamarin ta samu barci, ta uku kuwa ta riga ta haɗa kayanta.